Mai Ƙofa Shi Ke Sayen Kwaɗo

Akwai wata irin sanarwa da ta fara yawo a zaurukan WhatsApp na ma'aikata da na ɗalibai: kowa ya sauke manhaja kaza a wayarsa kafin rana kaza, wanda bai yi ba ba zai shiga shafin ma'aikata ba, ba zai ga takardar albashinsa ba, ko ba zai yi rajistar zangon karatu ba. Manhajar da ake nufi ta tantancewa ce, irin su Google Authenticator da Microsoft Authenticator, ko wadda ma'aikatar ta sa aka ƙera mata. Bayan ka rubuta kalmar sirrinka, sai a nemi wata lamba mai alƙaluma shida da ke fitowa a fuskar wayarka, wadda ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 30; wata kuma saƙo take turo maka ka danna amincewa. A jami'o'i da kamfanonin Turai da Amurka abin ya daɗe da zama dole, a bankuna da ƙungiyoyin agaji na nan gida ma ya shigo. Tunda kuwa gwamnatin tarayya ta ɗaura ɗamarar raba ofisoshinta da fayil ɗin takarda, ko ba jima ko ba daɗe zai iso kan malamin Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, da ma'aikaciyar lafiya a Wara, da magatakarda a sakatariyar Shanga. Gara a yi maganar tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Matsayina kuwa shi ne, duk ma'aikata ko makarantar da ta wajabta tantancewa, ita ce ya kamata ta samar da abin tantancewar, kuma kada albashin wani ko karatun ɗan wani ya tsaya saboda ba shi da babbar waya.

Zan fara da inda masu wannan tsari suka yi gaskiya, domin sun yi ta. Kalmar sirri ita kaɗai ta daina tsare komai. Mutum zai sa shekarar haihuwarsa ko lambar wayarsa a shafin albashi, ya sa ita ɗin dai a Facebook da imel, sannan ya karanta wa yaron shagon intanet ita da bakinsa don a cike masa fom. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa ya tsage ta ko'ina. Wanda ya sami kalmar sirrin jami'in jarrabawa zai iya sauya makin ɗalibai, wanda ya sami ta jami'in albashi zai iya sauya lambar asusun da kuɗi ke faɗawa ko ya cusa sunan wanda bai taɓa zuwa aiki ba. Kamfanin Microsoft ya ce a 2019 ƙara mataki na biyu a kan kalmar sirri yana tare fiye da kashi 99 cikin ɗari na hare-haren ƙwace asusu. Ko an rage wani abu daga wannan adadi saboda mai haja ne ke yabon hajarsa, abin da ya saura ya isa hujja. Mutanen ƙasar Yauri kuma ba su ne za a koya wa darajar rigakafi ba. Garin Birnin Yauri, da 'yan bindiga suka shiga makarantarsa ranar 17 ga Yunin 2021 suka kwashe ɗalibai da malamai, ragowar 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023, ya san abin da ake nufi da a bar ƙofa a buɗe. Saboda haka a rufe ƙofa, ba gardama. Abin tambaya shi ne wa zai sayi kwaɗon, a aljihun wa kuma za a ajiye makullin.

Ba yau wayar ɗan Najeriya ta fara ɗaukar kayan da ba nata ba. A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya, a zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN, a watan Afrilun 2022 kuma aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su ba. Daga 2021 hukumar JAMB ta ce ba rajista sai da NIN, ɗalibi kuma sai ya tura lambarsa zuwa 55019 daga layin da wani ɗalibin bai taɓa yin rajista da shi ba, a dawo masa da lambar da zai sayi fom da ita, wannan layin kuma shi zai riƙa binsa har duba sakamako. Asusun bashin ɗalibai na NELFUND da ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024 shi ma NIN da BVN da lambar JAMB yake nema. Haɗa layi da NIN da rajistar JAMB, da wahalarsu, suna da sauƙi guda ɗaya: ƙaramar waya mai tocila ta isa ta aika saƙon tes ta karɓi amsa. Manhajar tantancewa ce ta tsallake wannan iyaka. Ita ba ta zama sai a babbar waya, ba kuma kowace babba ba, sai wadda ba ta tsufa ba har masu manhajar suka daina kula da irinta, mai sauran wuri a cikinta, mai batirin da ke riƙe caji. Daga ranar da aka wajabta ta, babbar waya ta zama sharaɗin aiki, alhali babu wanda aka rubuta wa haka a takardarsa ta ɗaukar aiki.

A yi lissafi a fili. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa Naira 70,000 ne tun Yulin 2024, Jihar Kebbi kuma ta sa nata Naira 75,000 a watan Oktoban 2024. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, sabuwar wayar Android ta masu ƙaramin ƙarfi ba ta rasa cinye kusan albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, wata ma ta zarce. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Wannan kuɗin saye ne da na ciyarwa, saura na caji. Ka tsaya a rumfar mai cajin waya a kasuwar Yelwa ka duba. Katako ne aka jera wa soket layi-layi, janareta na ƙugi a baya, wayoyi sun fi hamsin a kwance kamar kifin da aka shanya, kowacce an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita ya karɓi tasa shaidar ya tafi harkarsa sai bayan awa biyu ko uku. A cikin waɗannan awanni wayar ba ta hannunsa. In a lokacin ne aka ce ya shiga shafi ya tabbatar da sunansa, sai dai ya bar aji ko ɗakin shan magani ya hau babur. Malamin da aka tura wani gungu a tsakiyar ruwa kuwa, a leda yake ƙulle wayarsa kafin ya shiga kwale-kwale, domin ya san igiyar ruwa ɗaya ta isa ta raba shi da ita. Ranar da hakan ta faru, da can asarar waya kawai ya yi. A sabon tsari ya yi asarar waya, ya kuma rasa hanyar shiga wurin aikinsa.

Wannan batu na wuta yana da ɗaci na musamman a gaɓar tafkin Kainji. Da aka kammala madatsar a 1968, kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwansu da gungunansu, Gungawa da Kambari da Hausawa da sauransu, ruwa ya shanye gonakin albasa da kaburburan kakanni domin ƙasa ta sami lantarki. Dokar kafa hukumar HYPPADEC da za ta kula da irin waɗannan al'ummomi sai a 2010 aka yi ta, aka kuma ƙara kusan shekara goma kafin ta fara aiki. Har gobe jikokin waɗanda aka tasa ɗin suna biyan kuɗi a rumfar mai janareta kafin wayarsu ta kawo haske. Mutanen da suka ga haka suna da hakkin su yi tambaya duk lokacin da aka zo musu da wani ci gaban da amfaninsa na ofis ne, ɗawainiyarsa kuma tasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sun san shi tun kafin a haifi intanet.

Za a ce ai kowa yana da waya, manhajar kuma kyauta ce, ba ta da nauyi, nau'in mai alƙaluma shida ma ko babu sabis tana aiki. Maganar ƙarshen gaskiya ce, kuma ya kamata a faɗe ta: lambar nan daga agogon wayar da wani sirri da aka dasa mata ranar farko ake lissafa ta, ba ta bukatar data. A wannan fuska ta fi saƙon tes, kamar yadda aka gani a watan Satumbar 2021 da aka rufe sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka riƙa yin doguwar tafiya don kiran waya ɗaya. Amma nau'in da ke turo saƙon amincewa ba ya motsi sai da data, kuma shi manyan ma'aikatu suka fi so. Batun kowa yana da waya kuwa, wanda ke zaune a ofis mai sanyi a Abuja ko Birnin Kebbi ne ke ganin haka, domin duk wanda ke kewaye da shi yana da ita. Masinja da mai gadi da mai shara da ungozoma da malamin firamare mai 'ya'ya takwas, da yawansu ƙaramar waya suke riƙewa, ko kuma babba guda ɗaya ce a gidan ake karɓa-karɓa. Ko da ma kowa yana da ita, mallakar abu ba ta ba wani izinin ɗora masa kaya. Ma'aikaci yana da babur, amma in ofis ya aike shi da shi ana zuba masa mai. Yana da ɗaki a gidansa, amma ba a cewa ya ajiye fayilolin gwamnati a ciki kyauta don dai ɗakin nasa ne.

Wasu ƙasashen sun riga sun kai wannan gardama gaban alƙali. A Jihar Kalifoniya ta Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2014, a shari'ar da wani ma'aikaci mai suna Cochran ya shigar da kamfanin Schwan's, cewa in aiki ya tilasta wa mutum amfani da wayarsa, dole kamfani ya biya shi wani kaso na kuɗin wayar, ko da kuwa bai kashe ko sisi ƙari a kan abin da ya saba biya ba. Dalilin kotun shi ne in ba haka ba kamfani ya sauke kuɗin gudanar da harkarsa a kan ma'aikaci ke nan. A Jamus, babbar kotun ƙwadago ta tarayya ta yanke a watan Nuwambar 2021 cewa masu kai abinci a kan keke suna da hakkin kamfani ya ba su keken da wayar da ke shiga intanet, ko ya biya su diyyar da ta dace, domin kayan aiki ne. Waɗannan ƙasashe ne da babbar waya ba ta kai albashin mako guda ba, amma duk da haka suka ga zalunci ne a bar wa ma'aikaci ɗawainiyarta. In haka ne a can, ina ga inda take cinye na wata?

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ma ta tsaron ce kanta, wadda ake cewa dominta ake yin komai. Ana ɗauka wayar mutum tasa ce shi kaɗai, tana jikinsa dare da rana, shi ya sa aka mai da ita makulli. A yawancin gidajenmu ba haka abin yake ba. Wayar maigida ita uwargida ke kiran 'yan'uwanta da ita, ita yara ke kallon fim a kai da daddare, kowa a gidan ya san zanen buɗe ta. Tana kwana a rumfar caji, tana yini a shagon mai gyara, kuma mai gyara yakan nemi lambar buɗewa don ya gwada aikinsa. Da yawa na hannu aka saye su, cike da manhajojin da aka tura ta Xender ba a san asalinsu ba. Ga ƙwacen waya da ya addabi Kano da sauran birane har ana rasa rai a kansa. Ma'aikatar da ta jingina tsaronta da irin wannan waya ba ta san me ke cikinta ba, ba ta kuma da ikon sani. Kamfanin Uber ya ɗanɗana wannan a watan Satumbar 2022. Bisa bayanin da kamfanin ya fitar, na'urar wani ɗan kwangilarsa ta kansa ce ta kamu da manhajar leƙen asiri, kalmar sirrinsa ta fita, ɗan kutsen ya yi ta turo masa saƙon neman amincewa har ya danna ɗaya, ƙofa ta buɗe. Google kuwa, wanda shi ya ƙera ɗaya daga cikin manhajojin nan, tun farkon 2017 ya raba wa ma'aikatansa sama da 85,000 ɗan makullin da ake soka wa kwamfuta, ya kuma ce a 2018 tun daga lokacin ba a yi nasarar yaudarar ko ɗaya daga cikinsu aka ƙwace asusun aikinsa ba. Masu sana'ar da kansu, da suka zo tsare gidansu, na'ura suka saya suka raba.

Akwai kuma wani haɗari da ba a san shi a Kalifoniya ba, amma duk mai bin hanyar Yauri zuwa Kontagora ko ta ɓangaren Zuru ya san shi. In 'yan bindiga suka tare mota, waya na cikin abin da suke fara karɓa su bincika, suna neman saƙon banki da duk alamar da za ta nuna wane ne mutum da abin da za a iya samu a kansa. Shi ya sa matafiya da dama ke goge saƙonni kafin su kama hanya, wasu su bar babbar waya a gida su ɗauki ƙarama. Manhajar da ke ɗauke da tambarin ma'aikata, ko wadda da an buɗe ta za a ga sunan hukuma da adireshin imel na gwamnati, katin shaida ce da mutum ba zai iya jefarwa a ciyawa ba. In ya goge ta don tsira da ransa, ya dawo ya tarar an kulle shi a waje, sai ya yi tafiya zuwa hedikwata a sake ɗaura masa, ta kan hanyar da yake gudu. Wanda ya rubuta takardar umarnin ba mugunta ya nufa ba, bai dai taɓa zama a kujerar baya ta motar haya yana goge wayarsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ya kamata a tambayi mai ɗakin kafin a sa hannu.

Sai batun sirri, kuma a nan dole a yi adalci a rarrabe. Manhajar da aikinta kawai fitar da lamba ba ta karanta saƙonnin mutum, ba ta kallon hotunansa, tsoron da wasu ke yi mata ya wuce kima. Matsalar ita ce ba a nan ake tsayawa ba. Da zarar an saba da cewa ofis yana da ikon cewa a sauke abu a wayar ma'aikaci, na gaba shi ne manhajar ɗaukar sunan masu zuwa aiki, mai neman hoton fuska da inda mutum yake tsaye, bayanta kuma irin wadda ke ba jami'in kwamfuta na ofis ikon kulle waya ko share abin da ke cikinta daga nesa. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da yadda zai bambance wannan da waccan, duk turanci ne ke fitowa yana danna amincewa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ce kada a tara bayanan mutum fiye da bukata, ta sa bayanan halittar jiki irin su zanen yatsa da siffar fuska cikin masu bukatar kulawa ta musamman, ta kuma ce in da yardar mutum aka dogara to sai ta kasance ya ba da ita da son ransa kuma yana iya janye ta. Yardar da aka karɓa da barazanar tsayar da albashi sunanta kawai yarda. Ranar da mutum ya yi ritaya ko aka sallame shi ma akwai tambaya: wa zai tabbatar an cire hannun ofis daga wayar da hotunan iyalinsa ke ciki?

A makarantu abin ya fi ban tausayi, domin a nan hannun dama ke hana abin da hannun hagu ke wajabtawa. Makarantun kwana suna ƙwace waya in an kama ɗalibi da ita, kuma suna da dalilinsu. Amma ɗalibin nan na ajin ƙarshe ana bukatar ya mallaki layi nasa na kansa don JAMB. Abin da ke faruwa kowa ya sani: a yi amfani da layin uba ko na yaya, ko mai shagon intanet ya ba da nasa sim ɗin ya riƙe. In layin ya ɓata, ko ya daɗe ba a sa masa kati ba kamfani ya karɓe ya sayar wa wani, yaro ya shiga zarya. Yanzu a ɗora manhaja a kan wannan. Ɗalibar da ta sami gurbi a kwalejin share fagen shiga jami'a ta Yelwa, ko a jami'ar Aliero, ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mahaifinta ya sayar da buhunan shinkafa ya biya kuɗin makaranta da kyar, sai a ce mata rajista ba ta yiwuwa sai da babbar waya. Mafita ɗaya gare ta, ta ɗora asusunta a wayar wata ƙawa ko ta wani saurayi ko ta mai shago, wato ta miƙa makullinta ga wani tun ranar farko. Tsarin da aka kawo don kada wani ya shiga asusun wani, shi da kansa ya tilasta hakan. A gidajen da ba a yarda budurwa ta riƙe babbar waya ba kuwa, kuma suna da yawa, an ƙara wa uba dalili ɗaya na cewa ta haƙura da karatun. Yankin da ya sha wahalar lallashin iyaye su mai da 'ya'yansu mata makaranta bayan 2021 bai kamata a ƙara masa ko tsinke a kan wannan kaya ba.

Hujja ta ƙarshe da za a kawo ita ce babu kuɗi, gwamnatin da ke fama da albashi ina za ta iya raba wa kowa waya. Amsa ta farko, duk lokacin da gwamnati ta ɗauki tantancewa da muhimmanci tana samun kuɗin. A zaɓen 2023 hukumar INEC ba ta ce wa masu yi wa ƙasa hidima su sauke manhaja a wayoyinsu ba, na'urar BVAS ta saya ta kai rumfunan zaɓe sama da 176,000, har da na cikin gungu. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna a jihohin Arewa, wanda ya kai ga ayyana Najeriya ta rabu da ita a watan Agustan 2020, wayoyin da ke nuna inda masu rigakafi suka taka raba musu aka riƙa yi da safe a karɓa da yamma a yi musu caji. Jihar Edo da ta so sanin ko malamanta na shiga aji a shirinta na EdoBEST daga 2018, allunan hannu ta raba musu. Amsa ta biyu, ba ma waya ake cewa a saya wa kowa ba. Bankunan ƙasar nan sun shekara da shekaru suna ba da tokin, 'yar na'urar nan da ba ta kai kwalin ashana ba, ka danna ta fito da lamba. Ba ta son caji, ba ta son sabis, batirinta na shekaru ne, ba ta san inda ka kwana ba, ɓarawon waya ba ya sha'awarta, kuɗinta kuma ɗan kaɗan ne a kan na waya. Ana iya buga wa mutum jerin lambobin ko-ta-kwana a takarda, kowacce a yi amfani da ita sau ɗaya. Ana iya barin saƙon tes ga ƙananan ma'aikatan da ba su riƙe da sirrin kowa sai nasu, a keɓe tsattsauran mataki ga masu taɓa albashi da sakamakon jarrabawa da bayanan marasa lafiya, waɗanda ba su da yawa. Hukumar NIMC mai ba da NIN kanta, da ta fito da manhajarta, ta bar hanyar danna *346# ga mai ƙaramar waya. Wanda kuma yake da babbar waya ya ga ya fi masa sauƙi ya sa manhajar, ba mai hana shi, sai dai ya zama zaɓinsa ne, a kuma san da ɗan abin data a albashinsa.

Abin da ya rage shi ne wanda zai karɓi kuka in abu ya lalace. Duk tsarin tantancewa yana da ranar da zai kulle mai gaskiya a waje, waya ta faɗa ruwa, ko a sace ta, ko ta mutu. In gyaran sai a Birnin Kebbi, ma'aikacin Ngaski ko Shanga zai kashe kuɗin mota da yini guda ko biyu, ɗalibansa ko marasa lafiyarsa suna jira. Ya kamata a ce a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma da kowace babbar makaranta akwai jami'i sananne da aka ba ikon duba fuskar mutum da katinsa ya sake buɗe masa a ranar, ba tare da ko kwabo ba, domin inda aka bar wannan ƙofa ba mai tsaro nan ne 'yan na-gyara-maka ke kafa teburinsu.

Gwamna Nasir Idris malamin makaranta ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT kafin ya hau wannan kujera, ba sai an fassara masa abin da albashin malamin firamare ke iya saya ba. Ina kira gare shi, da shugaban ma'aikatan jiha, da shugabannin manyan makarantun Kebbi, da 'yan majalisar da ke wakiltar Yauri da Ngaski da Shanga a Birnin Kebbi da Abuja, su sa wannan ƙa'ida a rubuce tun kafin manhajojin su yi yawa: duk takardar umarnin da za ta wajabta tantancewa ta faɗi wa zai sayi na'urar, ta faɗi abin da marar babbar waya zai yi, ta faɗi bayanan da za a ɗauka da ranar da za a goge su, ta faɗi ofishin da za a je a cikin ƙaramar hukuma in an kulle mutum. Takardar da ta zo babu waɗannan, rassan NUT da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi NULGE da ƙungiyar ma'aikatan lafiya na masarautar Yauri su mayar da ita inda ta fito a gyaro, kafin ko mutum ɗaya ya ci bashin waya saboda ita.